Madubin Taurari a Gonar Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani malamin jami'a, maƙwabcina, da dogon akwatinsa a bayan tsohuwar fijona. Madubin hangen taurari ne a ciki. Ya ce wutar gari na hana shi gani, in kai shi ƙauyen kawuna kusa da Shagari.

Layin mai ya cinye mana hantsi a Bodinga. Tun da ostariti, tsuke bakin aljihun nan na gwamnati, ya shigo, hatta ƙosai ya rame. Muna ci yana yi mini bayani: kowane tauraro rana ce, wataƙila da duniyoyi na zaga shi, in ɗaya ta gifta gabansa haskensa zai ɗan rage. Na gyaɗa kai, amma raina bai kwanta ba. Wa zai ƙona mai a wannan zamani don tauraro?

Mun wuce Dandin Mahe da Lambara, fadamu shar da albasa. Kawu ya tarbe mu da fura mai kauri. Bayan magariba malamin ya kafa madubin bisa ƙafa uku a bakin gonar Kawu, nan take fuskar Kawu ta canja. Irin ƙafafun nan 'yan safiyo ke kafawa kafin gwamnati ta karɓe ƙasa. Kafin isha'i manoma sun kewaye mu, wasu da sanduna.

“Ɗana, mi kunka zo awo?” in ji Kawu.

“Sama, Kawu.”

“To ƙahwahun nan bisa gonata suke, ba bisa sama ba.”

Malamin ya ce wata duniya yake nema kusa da wani tauraro, ya roƙe shi ya leƙa. Ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago.

“Ina duniyar?”

“Ranka ya daɗe, ba ta ganuwa. Ban ma tabbatar tana nan ba.”

Wannan amsa ta ƙara dagula lamarin. Kawu ya yanke hukunci: a duba sama, amma in bakin madubin ya sunkuyo ƙasa, a farfasa shi. Ya shimfiɗa tabarma gindin madubin ya zauna. Ni ma, ban ɓoye muku ba, bakin nan na yi ta tsaro, domin ni na kawo baƙon.

Hasken tauraron bai rage ba. Da safe Kawu ya ba mu albasa, ya kuma raka mu har titi don ya ga tafiyar akwatin da idonsa.

Na dawo gida da sanin cewa mai tsoron rasa gonarsa ba ya da sukunin wata duniya. Malamin na son mu koma. Kawu ya aiko cewa in zo, amma ni kaɗai.