Direban da Baba ya kira mini

Saura awa biyu in shiga intabiyun aiki ta intanet, kwamfutata ta ƙi kama wayifai. Na sa mata sabon tsarin aiki mai suna Linux, katin wayifai ɗin yana buƙatar manhajar da ake kira direba. Iri biyu ne, na rasa wanda zan ɗauka, wayata kuma ba data.

Baba ya ji ina mita, ya ce, "Direba biyu? Ɗauki Bitrus, Sani ganganci gare shi."

Kafin in yi bayani ya buga waya. Malam Bitrus, ɗaya daga cikin tsofaffin direbobinsa biyu na ofis, ya taso tun daga Mando, ya ce, "Ɗana, ina za mu?"

Da datar wayarsa na sauke manhajojin duka biyun, na biyun ya kama.

Baba ya ce shi ya gyara. Wa zai iya musa masa?