Daɓen Ɗakin Inna

Jiya da hantsi ina zaune ina tsince shinkafa, sai na ji ana bugu a sabon ginin da ke bayan katangata. Mai sa tayil ne da 'yar gudumarsa ta roba, tim, tim, yana daidaita su. Ban san lokacin da na ajiye faifan ba. Sautin bai kai ba, ya yi siriri, kuma hannu ɗaya ne ke yin sa, amma ya isa ya ɗauke ni daga Haɗeja ya dire ni a ƙauyenmu na can wajen Guri, a gidan kakata, ranar daɓe.

In kai ɗan yanzu ne, wataƙila ba ka taɓa taka daɓe ba. Ƙasa ce kawai, amma ƙasar da mata suka daka da hannu har ta yi tauri ta zama shimfiɗar ɗaki. Ba a yin sa sai ruwan fadama ya ja da baya, an gama yankan shinkafa, masunta suna bin ragowar kududdufai, gari duk ya ɗauki ƙamshin kifin banda. A lokacin ne mata ke samun sararin kansu. Sai ka ji an ce gobe akwai daɓe a gidan wance, kowa ta zo da madaɓinta, wato guntun itacen nan mai faɗin ciki da mariƙi.

Kakata ita ce uwar daɓe a ƙauyen. Gajeriya ce, baƙa, ga faɗa kamar me. Ba ta yarda da baƙar lakar fadama ba, wai tsagewa take yi. Sai an ɗauko mata jar ƙasa daga tudu a kan jaki, ta haɗa da ƙasar suri da 'yar tsakuwa, ta cuɗa da ƙafa tana tsaki. Kwana uku kafin nan ta riga ta jiƙa bagaruwa a wata tsohuwar randa. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar bagaruwa, mai ɗaci-ɗacin nan, sai ta faɗo mini a rai.

Matan sukan durƙusa a jere tun daga ƙuryar ɗaki, suna bugu suna ja da baya har bakin ƙofa. Ɗaya na ba da waƙa, saura na amshi, rabin waƙar duk habaici ne ga mazajensu, su kuwa mazan suna zaure suna yi kamar ba su ji ba. Madaɓai goma sukan sauka tare, sai ka ji ƙasa na amsawa a cikin cikinka. Ni aikina yayyafa ruwan bagaruwa da tsintsiya. A bari ya sha iska, washegari a dawo a bi duk inda ya tsage, haka har kwana huɗu ko biyar. Da azahar a fito da dambu da romon tarwaɗa, a ci ana dariya da jan hannuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar ƙarshe. Kakata ba ta cewa daɓe ya yi sai ta sa an kira wanda ya fi kowa tsufa a gidan. Ta ɗauki buta ta wanke masa ƙafafu da kanta, ta ce ya taka daga ƙofa zuwa ƙurya ya dawo, ba sanda, ba dafa bango. In ya je ya dawo, shi ke nan, an gama. In ta ga ya ɗan yi jim a wani wuri, sai a sake karce wurin a sake bugu.

Wata shekara, ina 'yar tara ko goma, na ga daɓenmu bai yi sheƙi ba, raina bai so ba. Na samo wani sumul ɗin dutse na shiga lungu ina ta goga, har wurin ya fara ɗaukar ido. Ina cikin jin daɗi sai na ji ranƙwashi a tsakiyar kaina.

"Ja'ira, wa kike so ki kayar?" in ji kakata. "Ba ido nake yi wa daɓe ba. Ƙafar tsoho nake yi wa, ita ma jiƙaƙƙiya."

Na yi kuka, na manta. Kuma wallahi na manta ɗin da gaske, shekara arba'in da wani abu.

Na girma, na yi aure a Haɗeja, na yi aikin koyarwa. Ni da maigidana muka fara gini a sabuwar unguwa, Allah Ya yi masa rasuwa ginin yana linta, ni na ƙarasa. Ba zan ɓoye maka ba, na sa wa gidan nan rai. Injiniya ya zo da hotuna a waya, ina zaɓa kamar mai zaɓen atamfa. Falo mai faɗi, tagogin gilashi tun daga ƙugu har sama, silin mai fitilu a ɓoye, kowane ɗaki da banɗakinsa a ciki. Da aka zo kan tayil, mai shago ya nuna mini wasu masu kaushi, na ce ya kawar da su, sai ka ce na banɗakin tasha. Na ɗauki farare tas, masu sheƙin da kana ganin fuskarka a ciki. So nake abokan aikina su shigo su riƙe baki, kuma sun riƙe.

Sai shekarar da kogi ya cika ya shiga ƙauyenmu. Gidan kakata, wanda ta daɗe da bari ta koma ga Allah, ya narke cikin kwana biyu. Mahaifiyata ce kaɗai ta rage a ciki. A kwalekwale aka fito da ita da ƙullin kayanta, na je na ɗauko ta. Har cikin raina ina murna, ina cewa yau Inna za ta huta. Na ba ta ɗakin da ya fi kowane kyau.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon ƙasa. Ta cire takalmi, ta miƙa babban yatsa ta taɓa tayil ɗin.

"An zubar da ruwa ne?"

Muka yi ta dariya ni da 'ya'yana mata. Ita ba ta yi ba.

Ba ta cika sati biyu ba ta faɗi. Ta yi alwalar la'asar, ta fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa, taku biyu, sai muka ji tim. Allah Ya tsare, ba karaya, ƙugu ne ya bugu. Ciwon ya warke cikin 'yan kwanaki, amma tsoron ya zauna. Daga ranar Inna ba ta ƙara miƙewa tsaye a ɗakin nan ba. Matar da ke ɗauko dami daga fadama ba ta sauke ba sai a gida, ita ce ta koma jan gindi zuwa banɗaki. Salla a zaune. Likita ya duba ta ya ce mini ƙafafun lafiya lau suke, amma in ta ci gaba da zama haka, nan da 'yan watanni ko ta so tashi ba za su ɗauke ta ba.

Me ban yi ba? Na sayo takalmin roba, ta ce ita ba ta taɓa yawo da takalmi a ɗakin da take salla ba. Na shimfiɗa kafet, gefensa ya harɗe ta, kuma da ya sha ruwan alwala ya fara wari. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata raki ne, Allah Ya yafe mini. Sai ta fara cewa in mayar da ita, ko bukka ce a kafa mata a kan kufai. Ƙauyen kuwa rabinsa har lokacin laka ce da sauro. In na mayar da ita na yar da ita, in na riƙe ta ƙafafunta su mutu ina kallo.

Wata rana da yamma na shiga kai mata kunu, na tarar da ita tana shafa tayil ɗin da tafin hannu, a hankali, kamar mai neman allura.

"Inna, me kike nema?"

"Ba komai, 'yar nan. Ƙasar taku ce ba ta riƙe mutum."

Na tsaya da kwanon a hannu. Wallahi sai na ji ranƙwashin nan a tsakiyar kaina, sabo fil. Ni ce dai da dutsena a lungu, ban sauya ba, sai dai wannan karon na goge gida guda kuma babu mai hana ni.

Washegari na kira mai tayil na ce ya cire na ɗakin Inna, ya fasa har simintin da ke ƙasa, a kuma mai da tagar baya ta zama ƙofa mai fita tsakar gida.

"Hajiya, in ba su yi miki ba akwai sabon yayi," in ji shi. "Me za a sa?"

Na ce, "Ƙasa."

Ya dube ni ya dubi silin. Babbar 'yata ta ce in ƙawayenta suka gani ina za ta sa kanta. Na ce ta sa shi inda ta ga dama.

Cire tayil bai ba ni wuya ba, neman masu daɓe ne ya ba ni. Na aika ƙauye, aka ce wance ta rasu, wance gwiwa ta hana ta durƙuso, matasan kuwa ba su san ma yadda ake riƙe madaɓi ba. Mutum biyu kawai na samu, goggona ƙanwar babana da wata maƙwabciyarta. Goggo ta kwance ɗan ƙullinta ta fito da wani baƙin itace, mariƙinsa ya lotsa saboda hannu. Madaɓin kakata ne. Bayan ruwa ya janye aka tsince shi maƙale a cikin ciyawar kacala.

Aka kawo jar ƙasa, ba a kan jaki ba, a bayan a-kori-kura. Na jiƙa bagaruwa a robar wanki. Muka ɗora Inna a kan kujera 'yar tsugunne a bakin ƙofa, muka durƙusa mu biyar har da 'ya'yana, waɗanda ke bugu kamar masu kashe maciji. Inna ta yi tsaki ya fi a ƙirga. Rana ta biyu ta kasa haƙuri. Ta zame daga kujerar, ta rarrafo, ta fizge madaɓin daga hannuna.

"Ba ni nan. Kamar ba a gabanki aka yi ba."

Ta fara bugu, sai ga waƙa ta fito da muryar da ke rawa. Tsofaffin biyu suka amsa. Ni na buɗe baki na ga ban san amshin ba, ko ɗaya ban riƙe ba. Na sunkuyar da kai ina yayyafa ruwa, hawaye na bin tsintsiyar.

Rana ta biyar goggo ta miƙo mini buta. Na durƙusa na wanke wa Inna ƙafafu. Sun rame, sun yi sanyi. Muka ɗaga ta tsaye, muka saki. Ta yi jim, har na miƙa hannu, goggo ta buge hannun. Sai na ga yatsunta sun baje sun kama ƙasa. Ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga ɗayar. Ta je ƙurya, ta juyo, ta dawo, sawunta na bushewa a bayanta.

"Ya yi," in ji ta. Ta wuce mu ta fita tsakar gida, wai za ta ga inda nake shanya.

Damina biyu ta ƙara yi a ɗakin nan, a kan ƙafafunta, salla a tsaye, sai satinta na ƙarshe. Goggo ma ta bi ta bara.

Yanzu unguwarmu ta cika da gidaje, kowane ya fi na kusa da shi sheƙi, kuma ban ce ba su da kyau ba. Sai dai in na shiga ina duba ƙasa, ina tambayar kaina ko masu gidan sun san za su tsufa a ciki. Kwanan baya babbar 'yata ta zo ta ce tunda ɗakin Inna ba kowa, a mayar masa da tayil ya zama na baƙi. Ban gaya mata cewa tun watannin baya, in na yi alwala zan ratsa falo, sai na ga hannuna ya kai bango da kansa ba. Cewa kawai na yi a bar shi, akwai mai shiga.

Daɓen ya ɗan tsage daga bakin ƙofa. Shi ya sa jiya, da mai tayil ɗin can ya tashi daga aiki, na je kasuwa na auno bagaruwa na jiƙa. Jibi zan durƙusa da madaɓin kakata, ni kaɗai, ba waƙa. Na kira 'yar tawa na ce ta zo ta tsaya ta kalla ko da ba za ta taɓa ba, domin ita ce za ta riƙe butar.