Gonar Tanimun daga Sama

A wani ƙauye kusa da Illela, kowa ya san Tanimun Mai Tassa. Tun yana saurayi ya karɓi wani fako da ko akuya ba ta tsayawa a kai. Shi da matarsa Saude suka yi ta haƙa tassa, ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki su tare ruwan sama, har fako ya ba da gero. Mutumin kirki ne, amma taurin kansa ya fi na fakon.

Saude ta rasu. Daga baya kwazazzabo ya ɓullo ta gabas, kowace damina ya yanki gonar ya tafi da ita, har ya haɗiye gawon da marigayiyar take hutawa a gindinsa. Ɗiyarsa Najiba, mai ɗinki a Birnin Konni, ta zo da magana ɗaya: ya bar gonar nan ya bi ta gari.

Ta same shi a bakin kwazazzabon da rana tsaka. Don ya ga ɓarnar da idonsa, ta buɗe salula ta nuna masa hoton tauraron ɗan'adam.

"Baba, duba gonakka daga bisa."

Ga tassarsa ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Ga gawon a tsaye da inuwarsa, ga wani farin ɗigo a gindinsa. Tanimun ya ɗaga kai ya dubi wurin: rami ne kawai.

"Wagga uwakki ta," in ji shi. "Hwarin zanenta na."

"Tsohon hoto na, Baba. Wataƙila akuya ta."

Ina, bai ji ba. Ya kai yatsu biyu zai tsamo ɗigon, yadda yake tsamo iri daga ƙwarya ranar shuka. Hoton ya ja baya. Ya sake tsamowa, gonar ta ɓace. Ya sake, ƙauyen ya tafi, Illela da Konni suka narke cikin jar ƙasa. Yana ta ƙoƙarin kamo matarsa tana ƙara nisa, har duniyar kanta ta koma kamar curin fura a rataye cikin baƙi, ba igiya, ba ginshiƙi. Wani shuɗin haske ya lulluɓe ta, bai kai kaurin ɓawon albasa ba.

"Wanga baƙin hwa, mi na na?"

"Ba komi nan, Baba. Sarari na."

"Ko'ina ya kewaye ta?"

"Ko'ina."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a shekarun yunwa. Ya dubi curin, ya dubi ramin da ke gaban ƙafarsa.

"To in wagga duniya ta zube, wace Konni za mu tahi?"

Najiba ta koma ita kaɗai, tana kuka a bayan kabu-kabu.

Har yau Tanimun yana can, yana jera duwatsu a bakin kwazazzabo, ruwa na kwashewa yana sake jerawa. Abin da ya sake shi ne tufafinsa. Da farar riga yake zuwa gona yanzu, mutane na ta mamaki. In rana ta take tsaka, sai ya ajiye aiki ya tsaya dab da inda gawon yake dā, ba motsi, kai a sama, ko mai ɗaukar hoton zai sa shi kusa da Saude.