Kwalba ta Huɗu

Shekara ashirin da tara Irmiya ya yi yana zuba wa mutane giya, ko ɗigo bai taɓa kai wa bakinsa ba. Dattijon coci ne, mutumin kudancin Kaduna, siriri, farar rigarsa kullum a goge. Shi ne shugaban masu sabis a wani kulob na manya da ke bayan Unguwar Sarki, ni kuwa, Ɗahiru, ni ne kuku. Shekara goma sha ɗaya ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, ban taɓa jin tambulan ya fashe a hannunsa ba.

A 1988 saura masa shekara guda ya cika talatin a ba shi kuɗin sallama. Ya riga ya tayar da ginin ɗaki uku a Katabu, kwanon rufi kawai yake jira. Ba shi da wata hira sai ta kwanon nan.

Ciwon suga ya hana shi lemo, don haka matarsa Hannatu, mai sayar da zoɓo a Doka, take dafa masa nasa daban, ba sukari, sai citta da kanumfari. A tsohuwar kwalbar giya yake ajiye shi a sito. Duk Asabar takan biyo ta ƙofar baya da jarka, ta zubar da wanda ya yi tsami, ta ɗura sabo.

To, akwai wasu manya huɗu masu wata al'ada da har yau ban gane kanta ba. Su kawo giyar inabi kwalba biyar, daga mai arha zuwa mai tsadar gaske, a naɗe kowace da jarida don kada a ga suna, su shinshina, su kurkure baki, su tofar a bokiti, sannan kowa ya faɗi wadda ta fi. Abin da aka saya da tsada, a tofar! Jagoransu Barista Tanko ne. Wata Asabar ya zo da wata kwalba daga Faransa da aka ce ta kai albashin Irmiya na wata biyar, ya ce a buɗe ta tun hantsi ta sha iska. Irmiya ya buɗe, ya ajiye ta a sito daidai inda tasa take zama, ya tafi shirya tebur.

Ina yankan albasa Hannatu ta shigo. A gabana ta ɗauki kwalbar, ta shinshina, ta yamutse fuska, ta ce zoɓon Baban Deborah, wato mijinta, ya lalace sarai wannan karon. A gabana ta juye ta a kwata. Ni da hannuna na miƙa mata ruwan ɗauraya kafin ta ɗura sabo. Ina ni ina sanin kwalba?

Da la'asar aka zauna, ina leƙe ta tagar miƙa abinci. Ta ɗaya ta wuce, ta biyu, ta uku. Da Irmiya ya karkata ta huɗu, sai na ga hannunsa ya tsaya cak. Ƙanshin kanumfarin matarsa ne ya daki hancinsa. Ya ɗago ya dube ni, nan take na gane abin da muka aikata.

Barista ya kurɓa, ya tofar, ya ce wannan ita ce mai arhar, ko direbansa ba zai miƙa wa ba. Sauran suka bi bayansa. Aka gama, aka warware jaridu, sai ga tambarin Faransa a jikin ta huɗu.

Wallahi abin da ya biyo baya ya fi zubar da giyar girgiza ni. Barista ya sa aka ƙara masa, ya jujjuya tambulan, ya daɗe da hanci a ciki, ya ce irin wannan sai a kurɓi na biyu take nuna kanta. Wani likita a cikinsu ya ce shi dama ya ji ƙanshi kamar na kanumfari, alamar giya ta tsufa ke nan. Mutanen da aka yi renonsu da zoɓo! Kafin minti goma sun ba ta na ɗaya, ba wanda ya ƙara tofarwa.

Irmiya ya tsira ke nan, abin da ya rage ya ɗauki tire ya fito. Ina ta yi masa alama da ludayi ya fito. Sai ya ajiye tiren, ya haɗa hannuwa a baya.

"Ranka ya daɗe, ba giyarka ba ce. Zoɓon matata ne. Taka tana kwata."

Barista ya yi 'yar dariya, ko kallonsa bai yi ba.

"Irmiya, kai da ba ka taɓa ɗanɗanawa ba, me ka sani game da giya? Je ka kawo mana nama."

A kicin na rufe shi da faɗa, na tambaye shi ko kwanon daga sama zai faɗo masa. Ya ce gobe Lahadi shi zai tsaya gaban jama'a ya yi addu'a, da wane baki? Ya ɗauki naman ya fita.

Ranar Laraba aka ba shi takardar barin aiki, wai ido da hannu sun fara gazawa saboda shekaru, an gode. Kuɗin sallamar na mai shekara talatin ne, shi kuwa ashirin da tara ya yi. Damina uku ginin Katabu ya sha ruwa a buɗe. Ni da na miƙa ruwan ɗaurayar ba wanda ya ce mini kanzil, ni ma ban buɗe baki ba, kuma abin yana ci na har yau.

Wata biyu da sallamarsa na je gaishe su a Doka, na tarar da farar mota a ƙofar gida. Direban Barista ne da jarka, an aiko shi wurin Hannatu, wai irin na ranar nan ake so, marar sukari, a ƙara kanumfari. Irmiya da kansa ya riƙe mazurari ya ɗura, bai zubar da ko ɗigo ba.