Yadda Na Kai Kashin Saniyar Inna Danchuwa

Jama'are, kafin asuba

Ladan bai ko yi kiran farko ba Inna ta buga min ƙofa. "Kai wannan, tashi, mota ba ta jiran tela." Ni ne ɗanta na fari, saboda haka har yau da furfura ta fara leƙo min a gemu ba ta taɓa kama sunana ba. Na fito na same ta a tsakar gida, tocila a hammata, ƙunshi biyu a hannu. Na farko tsumma ne, ta ƙulle abin da saniyarta ke ci: guntun kara, ƙaiƙayi da 'yar dusa. Na biyun kuwa leda ce a cikin leda a cikin wata ledar, har da ɗuminsa, don yanzu ta kwaso shi daga turke. Kashin saniya ne, jama'a. Shi zan kai Potiskum.

Bari in yi muku bayani kafin ku ce tela ya zautu. Inna tana da farar saniya guda, Gimbiya, wadda marigayi mahaifinmu ya bar mata tun tana 'yar maraƙa. Da nononta Inna ke yin kindirmon da duk unguwa ta sani. Gimbiya ta haihu da shigowar bazara, daga nan sai rama. Ci take yi ba ƙaƙƙautawa, cikinta kullum tim, amma haƙarƙarinta daga zaure kana hango su. Nonon da ke cika ƙwarya ya koma rabi, maraƙin ma ya fara tangaɗi. An yi mata maganin tsutsa, an duba baki da haƙora, lafiya lau.

Ƙanena Isuhu, mai kula da gona da rumbunmu, ya ce a kai ta kasuwa ranar Lahadi tun da sauran nama a jikinta, kafin ta faɗi a rasa duka. Ba mugunta ba ce, bazarar ce ta sa shi gaba: harawa ta yi tsada, ga ɓeraye da ya ce sun addabi dawarmu har ya aro kyanwa. Inna ta ce in an fitar da Gimbiya daga gidan nan to a haɗa da ita. Sai aka kira Kawu Adamu, ƙanin Inna, wanda ke turke bijimai a Danchuwa kusa da Potiskum. Na ce zan tura masa hoto. Ya ce, "Hoto zan yi me da shi? Kawo min abin da ke shiga da abin da ke fita." Aka tsaya a kan cewa duk abin da Kawu ya yanke shi ke nan. In ya ce a sayar, Inna ta haƙura.

Ta raka ni har bakin ƙofa. "Kada ka bari rana ta buge shi."

"Inna, kashi ne fa, ba jariri ba."

"Ka dai ji abin da na ce."

Azare

Bayan sallah na samu ƙaramar mota zuwa Azare, mun isa rana na ɗagowa. Na sha shayi da burodi a bakin tasha, jakata a cinya kamar mai ɗauke da zinari. Bas ɗin Potiskum ba ta daɗe ba ta cika, don Laraba ce, ranar kasuwar shanu. Direban, wani siriri mai baƙin tabarau, ya miƙo hannu zai jefa jakar a but. Na ce a'a, kayan nan ba sa son matsi. Ya ce, "Ƙwai ne?" Na ce kusan haka.

Leda uku ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma zafin bazara ba ya raga wa kowa. Ba mu yi nisa ba wata Madam mai sayar da kwanuka, wadda ke kusa da ni, ta fara juya hanci. Ta dubi na gaba, ta dubi na baya, ta ce da Hausarta ta 'yan kudu, "Wane ne ya taka wani abu?" Kowa ya ɗaga takalmi ya duba. Ni ma na ɗaga nawa, Allah ya yafe min.

A shingen da ke gab da shiga Yobe asirina ya tonu. Soja ya leƙo, idonsa ya sauka kan jakar da na rungume.

"Me ke ciki?"

"Saƙo ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe."

Na kwance ta farko. Ya ce ci gaba. Na kwance ta biyu. Kafin in gama ta uku ya ja da baya, Madam ta yi salati irin nasu, motar ta kece da dariya. Na yi masa bayanin Gimbiya a taƙaice. Ya ce shi ma uwarsa tana da saniya a garinsu. "Allah ya ba ta lafiya. Ɗaure abinka. Direba, wuce da sauri!" Daga nan har Potiskum tagogi a buɗe muka tafi, kuma duk wanda ya taɓa kiwo a motar sai da ya ba ni magani. Wani ya ce kanwa, wani ya ce maita ce.

Potiskum, a kara

Mun shiga gari da hantsi. Na hau Napep zuwa kara, wato kasuwar shanu, muna kutsawa tsakanin tireloli da ke jiran lodi. Wanda bai taɓa zuwa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙaho ne iya ganinka, jajaye da farare, ga ihun dillalai, wannan na Fulatanci, wancan na Barbarci, ana gama ciniki da Hausa. Na tambayi Adamu mai bijimai na Danchuwa, aka nuna min wata inuwa. Can na same shi, gajere kamar Inna, bakinsa ja da goro, yana shafa tozon wani ɗan bijimi.

"Ɗan nan, ka zo da shi?"

"Na zo da shi, Kawu, har sojoji sun gaisa da shi."

Ya ce in jira a tashi kasuwa, ba a duba irin wannan a tsaye. Ina zaune ina kallo ya sayar da bijimai biyu, ya sayi wasu ƙanana ramammu guda uku. Na ce me ya sa bai ɗauki wancan ƙaton ba, ga shi da arha? Ya ce, "Wancan ya gama girma. Mudun da ka zuba masa, riƙe ransa kawai zai yi da shi. Waɗannan kuwa suna tasowa, duk abin da suka ci sai ka gan shi a cinya. Mai kiwo ba yawan ci yake nema ba, inda cin ya tafi yake dubawa."

Da azahar muka ci burabusko da miyar kuka a wata rumfa, mai abincin ta ƙara min man shanu saboda Kawu. Na bar jakar a waje, ƙarƙashin benci, don ina da kunya.

Danchuwa

Da la'asar muka isa, an kora mana ƙananan bijiman a baya. Matar Kawu, Baba Hauwa, ta tarbe ni da ruwan randa da fura. Ban gama sha ba Kawu ya kwance tsumman. Ya murza ƙaiƙayin a tafin hannu, ya karya karan ya shinshina.

"Wannan cika ciki ne, ba ƙoshi ba. Hauwa, ba ni rariya."

"Wace rariyar?"

"Ta tankaɗe."

"Wallahi ba dai tawa ba! Kai da shanunka kun cinye min kwanuka, yanzu kuma rariya?"

Sai da aka yi ɗan ja-in-ja sannan ta zaƙulo wata tsohuwa a bayan ɗaki. Kawu ya juye kashin da ke cikin ledar a ciki, ni ina zuba ruwa da buta, shi yana motsawa da tsinke. Ƙazantar ta wanke ta bi ƙasa. Abin da ya rage a rariyar ya sa na saki baki: ƙwayoyin dawa ne jajaye, cikakku, ko tsaga babu, kamar yanzu aka auno su.

"Wa ke ba ta tsaba?"

"Babu kowa, Kawu. Mu ma dawar ba ta ishe mu ba, ɓeraye sun..."

Kawu ya ce in kira masa Inna a waya, in sa kowa ya ji. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, me kike ba saniyar nan da ba ki ƙulle a tsumma ba?"

Can ta ce, "To mai jego ce fa, Adamu. Wa ke barin mai jego da kara? 'Yar dawa ce nake ɗibar mata da sassafe kafin yaran su tashi."

"A daka ko a haka?"

"A haka mana. Ita ba ta da haƙora ne?"

Kawu ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, kajinki fa? Sun yi ƙiba?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo min. Tun haihuwar Gimbiya kajin Inna suka daina zuwa bakin turmi. Kullum suna bayan saniya suna tono, sun yi ɓul-ɓul har zakaran ba ya iya hawa katanga.

Kawu ya yi mata bayani a hankali, ni ma na ƙaru. Ya ce saniya ba ta tauna tsaba yadda tunkiya ke yi, haɗiya take, kuma ƙwayar dawa tana da tauri, da yawanta haka za ta wuce ta fita ba ta bar mata komai ba. Ga kara da ƙaiƙayi sun toshe cikin, ba su da wani ƙarfi, ba su kuma bar wurin abin kirki ba. Ita kuwa mai shayarwa rai biyu take ciyarwa. In abin da ta ci bai kai ba, ba za ta hana ɗanta ba, kitsen jikinta za ta narke ta zuba a nono har ta ƙare.

Muryar Inna ta yi ƙasa. "To a sayar ke nan?"

"Wa ya ce? Yunwa ce ke damunta, ba ciwo ba. A ɓarza dawar, a gauraya da dusa da 'yar angurya, safe da yamma. Kaɗan za ki fara, kina ƙarawa, kada ki juye mata gaba ɗaya cikinta ya kumbura. Harawa kafin kara. Ruwa kada ya yanke, da ɗan gishiri. Nono zai fara dawowa, naman sai daga baya, kada Isuhu ya yi gaggawa."

Na ji Inna tana ta hamdala, a bayanta kuma muryar Isuhu: "Wato kyanwar da na aro aikin banza take yi?"

Na kwana a zauren Kawu bayan tuwon gero da miyar kuɓewa, bijimai na tuƙa a bayan katanga. Rabon da in yi barci mai daɗi haka tun kafin Gimbiya ta haihu.

Alhamis, hanyar gida

Da safe Kawu ya kai ni wurin masu abincin dabbobi a cikin gari, ya zaɓar min angurya da kansa, yana tura hannu har ƙasan buhu don kada a haɗa mu da mai fumfuna. Ya ƙara min damin harawar wake biyu daga rumbunsa. Baba Hauwa kuma ta ba ni tsohuwar rariyar, ta ce in tafi da ita, ba ta son sake ganinta.

A shinge na tarar da sojan jiya. Yana hango ni ya ce, "Mai saƙo! Yaya mai jiki?" Na ce ashe yunwa ce, kaji ke cinye rabonta. Ya ce zai kira uwarsa ya tambaye ta nata kajin.

Na sauka Jama'are da la'asar sakaliya. Tun daga zaure na jiyo ƙarar taɓarya. Inna ce da kanta a bakin turmi tana ɓarza dawa, ta hana kowa taɓawa. Isuhu yana gefe yana gyara wa Gimbiya kwamin cin abinci, yana ta mita a kan dawar da aka yi asara, amma ban ji ya ambaci Lahadi ba. Lahadin ta zo ta wuce, igiyar kasuwa na rataye a inda take.

Ba a yi sati biyu ba, wata safiya Inna ta buga min ƙofa. "Kai wannan, zo ka ji." Na bi ta turke. Ta tsuguna ta sa ƙwarya, nono ya fara sauka da ƙarfi, ƙarar da muka manta da ita, maraƙin na ta fizgar igiya yana jiran rabonsa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Da mahaifinku na nan, da ya fi Adamu yi min dariya." Ta ci gaba da tatsa har kumfa ta kawo bakin ƙwaryar, ta miƙo min ta ce in kai wa Isuhu ya fara gani.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kawu Adamu, da Baba Hauwa da ta sadaukar da rariya, da Madam mai kwanuka da ta yi haƙuri da ni har Potiskum. Waɗanda ba su ji daɗin tafiyar nan ba su ne kajin Inna. Sun koma bakin turmi, kuma zakaran ya fara hawa katanga.