Am Shahata Ba Ya Cewa "Da"

A duk layin kafintoci na birnin Dumyat babu wanda ya kai Am Shahata, wato Baba Shahata, iya sassaƙa ƙafar kujera, babu kuma wanda ya kama ƙafarsa a taurin kai. Shekara hamsin yana cikin garin katako har gashin gira. Ni kuwa, Tahani, da ake ce wa Abla, wato Malama, tun da na yi ritaya daga koyar da Turanci nake tara ɗalibai a falona bayan la'asar. Ranar da ya shigo ya zauna a kan kujerar da shi ya yi wa mahaifiyata, na ɗauka gyara ya zo dubawa.

"Abla Tahani, Turanci nake so. Na ba ki wata huɗu."

"Wata huɗu? Kai da ka shekara kana yi mini kabad guda?"

"To, kabad ɗin ya taɓa motsi?"

Kowa a layin ya san dalili. Ɗansa tilo, Midhat, ya ajiye zarto ya tafi Kanada shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya yi aure a can. Uban ya ƙi zuwa bikin. Tikitin jirgin da aka aiko masa ma naɗe shi ya yi ya tokare ƙofar shago. Tun daga nan ko gaisuwar salla sai ta bakin uwar Midhat take wucewa. Yanzu ga Midhat zai kawo 'yarsa Farida, mai shekara tara, hutun kwana goma, yarinyar kuwa ba ta jin Larabci. Tsoho ya rantse ba zai yi hira da jikarsa ta bakin tafinta ba, tunda tafintan ɗansa ne.

Gaskiya ya ba ni mamaki. Littafi bai dame shi ba, a guntayen katako yake rubuta kalmomi da fensirin da ke bayan kunnensa, ya cika aljihu da su. Da muka zo jimlolin sharaɗi, irin su "idan aka yi ruwa gobe zan zauna a gida", sai ya riƙa liƙa wa kowacce in sha Allahu a wutsiya. Na ƙyale shi, ba da ni za a yi wannan rigimar ba.

Rigimar ta same ni ne a darasi na gaba, na abin da ya riga ya wuce: da na yi kaza, da kaza ya faru. Ya mayar da fensir bayan kunne.

"Wannan kam ba da ni ba. A gidanmu ba a cewa 'da'. Babana ya ce ƙofa ce ake buɗe wa Shaiɗan. Abin da ya wuce, Allah ne ya ƙaddara."

"Misali ne fa kawai, Am Shahata. Ka ce, da ina da kuɗi da na sayi mota."

"Ina da kuɗin. Motar ce ba na so."

Mako uku ina fama, yana zaune yana sauraro, yana miƙo mini farar takarda. Na ji haushi har na daina ba shi shayi kwana biyu. Kuma na ji tausayinsa, don na san ba Shaiɗan kaɗai yake tsoro ba.

Kwana uku da isowar baƙin na ɗauki tiren alewa na nufi shagon. Ba zan ɓoye ba, gulma ce ta kai ni. Na tarar da Farida a kan bencin aiki, gashinta duk garin katako, kakan yana nuna mata guduma da ƙusa yana faɗin sunayensu da Turancinsa mai ɗingishi, tana gyara masa tana dariya. Midhat yana tsaye a bakin ƙofa kamar wanda ya zo tambayar farashi.

Can sai yarinyar ta ce, "Kaka, me ya sa babu kai a hoton auren Baba?"

Na ga tsoho ya sa hannu a aljihu ya laluba guntayen katakonsa, ya fito da hannun babu komai. Sannan ya soma magana da Turanci, a hankali, yana ɗaga kowace kalma kamar gungume.

"Da ina da hankali, da na je. Da na je, da na ɗauke ki tun kina jaririya."

Kuskure biyu na ƙirga a ciki. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ranar ce kaɗai na ji kuskure ban gyara ba, don hawaye ya riga ya rufe mini ido.

Am Shahata ya yi istigfari ƙasa-ƙasa, ya share hanci da bayan hannu. Bai juya wajen ƙofa ba, ya koma Larabci da muryarsa ta faɗa.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi a nan? Miƙo mini ƙaramin zarto."

Midhat bai tambayi inda yake ba. Kai tsaye ya nufi ƙusar da ya rataye shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya same shi a nan.