Tokar Taya a Fangalin Barau

Barau ɗan wani ƙauye ne a bayan Bunkure, inda iyayensa suka rayu suka mutu a kan addinin gargajiya. Shi tun yana saurayi ya musulunta, ya dawo Kura da zama, ya kama sana'ar yanka tsohuwar taya yana fitar da takalma da robar ɗaurin kaya. Mutum ne mai sanyin murya, wanda ba ya son sunansa ya shiga bakin mutane ko da a kan alheri ne. Da ruwan madatsar Tiga ya wadaci manoman rani, sai shi ma ya sami ɗan fili yana renon irin tumatir.

Ƙasar wurin takan ƙanƙame kamar daɓe. Wata shekara, a zamanin Shagari, ya kwaso ɓarɓashin roba daga rumfarsa ya cakuɗa mata don ta saki. Iri ya fito kore shar, ya fi na kowa. Da shekara ta zagayo, maƙwabtan gonarsa suka kawo masa nasu ya rena. Barau ya ga tunda kaɗan ya yi kyau, da yawa zai fi. Ya ƙara ɓarɓashin, ya ƙone ragowar tayoyi, ya barbaɗa tokar a kowane fangali.

Iri ya tsiro, sai ya tsaya cik. Sabon ganye ya koma ruwan ɗorawa, saiwa ta ƙi shiga ƙasa. Ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, abin sai gaba yake yi.

Wata safiya Uba, wanda gonarsa ke jikin tasa, ya tsuguna ya tona ƙasar da yatsa, ya ga baƙi. Ya ɗago kai a hankali.

“Barau, me ka binne a nan?”

Barau ya san yadda maganar baƙar toka za ta sauka a kunnen mutanen da ba su manta gidan da ya fito ba. Yana yaro ya ga an kori wata tsohuwa daga ƙauyensu da jifa, an ce mayya ce.

Magana ta zaga gari. A masallaci na kusa da shi ya fara barin tazara. Mata suka daina aikowa sayen ƙuli-ƙuli wurin matarsa Tani. Idan ya ji hayaniya a bakin layi sai ya ajiye wuƙa ya kasa kunne.

“Maigida, ka faɗa musu toka ce kawai,” in ji Tani.

“Wa zai yarda?” ya ce. “Cewa za su yi asiri ne.”

Tani ce ta tare malamin gona, Muhammadu Sani, ranar da ya zo duba ruwa a kan babur. Ya tumɓuke tsiro ya duba saiwar, ya tambayi Barau abin da ya zuba. Barau ya faɗa masa. Malamin ya ɗebi ƙasar ya tafi da ita tashar binciken gona ta Kadawa, ya bar Barau cikin zullumi har ya rame.

Da ya dawo, a gaban manoma ya yi bayani.

“Akwai tutiya a cikin taya, irin wadda ake shafa wa kwanon rufi. Shuka tana son kaɗan, shi ya sa bara ta yi kyau. Bana ta sha fiye da ƙima. Kamar gishiri ne a miya.”

Wasu suka yi salati, suka ba Barau hannu. Uba dai ya kaɗe rigarsa ya tafi, kuma bai sake taka rumfar Barau ba. Manoman suka nemo iri daga Garun Mallam suka yi dashe a makare.

Barau ya kankare ƙasar nan da hannunsa, ya kwashe ta a jaki zuwa wani kududdufi da ya ƙafe. Ya ci gaba da noma nasa tumatirin, amma bai ƙara karɓar irin kowa ba. Ya tsufa a rumfarsa yana yanka takalma, har idonsa ya daina ganin bakin wuƙa.